Ɗan Aiken Inna Hajo

Soron Ɗinki, Kano
Lahadi, 9 ga Yuli

Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Mambila, yaya kuma shanun mutane da ka fi so a kanmu? Kawu Isyaku, Bappanka, lafiyarsa ƙalau, faɗa ne kawai ya ƙaru. Ruwa ya sauka sosai a birni, katangar bayan gida ta tsage, an tokare ta da azara.

To, ga aikin da ka ɗora mini. Inna ba ta jin daɗi. Tun bayan Sallah ƙafafunta suka kumbura, silifas ma ba ya shiga. In ta taka daga ɗaki zuwa madafi sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ranar Talata muka je asibiti, likita ya ce zuciya ce take gajiya, ya ba da ƙwayoyi, ya hana ta gishiri. Ka san mahaifiyarka. Ta sha ƙwayar, ta kuma sa aka miƙo mata gishirin. A hanyarmu ta dawowa cikin adaidaita sahu ta riƙe hannuna ta ce, "Mardiya, kada maganar nan ta hau dutse." Dutse kai ke nan. Na ce to, ga shi kuma ina rubuta maka.

Wannan "to" ɗin ce ta hana ni sakat. Ranar Alhamis ɗalibaina suka ci karo da wata kalma a littafin Turanci, emissary, suka ce Malama mene ne. Na ce ɗan aike ne, wanda babba yake turawa da saƙo. Don kada in yi musu ƙarya na sa aka ɗauko ƙamus, sai ga shi ya ƙara da cewa har wanda aka tura a ɓoye ya gano sirrin mutane ana kiransa da sunan. Wata mai tsiwa a bayan aji ta ce, "Malama, to wanne ne a ciki, mai kai saƙo ko munafuki?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, wallahi sai na ji kamar da ni take.

Ka tuna ko wace ce matar nan a wurina. Ina da shekara huɗu uwata, ƙanwar mahaifinka, ta rasu, Inna Hajo ta ɗauke ni ta goya. Ita ta aurar da ni, da mijina ya rasu ɗakinta na dawo. Yanzu ni ce nake shafa mata man zafi a ƙafa ina ƙirga yawan kumburin a zuciyata don in rubuta maka. Sai in bi ta makaranta in ba direban motar da take ɗauko piya daga Mambila takarda a ɓoye kamar mai safarar kayan sata. Na san dalilinka. Wurinku babu sabis sai ka je Gembu ranar kasuwa, in ma ka kira, a tsakar gida ake ɗauka kowa yana ji. Amma abin bai yi mini daɗi ba.

Wani abu kuma. Ta fara ɗinka maka hula. Ƙube ce, zare shuɗi da fari, irin zanen da take yi wa Kawu marigayi, mahaifinka. Idonta ba ya gani sosai, ni nake zura mata zare a allura. Ba ta ce taka ce ba, amma na ji tana ce wa Asibi maƙwabciyarmu, "Ban san ko kan ya ƙara girma ba, sai an gwada kafin a haɗe bakin." Wane kai ne a gidan nan ba ta san girmansa ba in ban da naka?

Shekara uku ke nan ba ka taka gidan nan ba, Yaya. Ni taubashiyarka ce, ina da bakin faɗa maka: taurin kanka ya fi na bijiman da kake yi wa allura. Ka zo.

Taka,
Mardiya

Tashar Dabbobi, bayan Gembu
Juma'a, 21 ga Yuli

Mardiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode, Allah ya saka. Ina lafiya sai mura da ba ta rabuwa da mutum a nan. Ki gai da kowa, in kin ga dama har da Bappa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Ki daina kiran kanki munafuka. Ke kaɗai ce mai faɗa mini gaskiya a gidan nan, kuma kin san abin da ya sa na roƙe ki. Amma tunda kin manta har kina ce mini bijimi, bari in tuna miki.

Shekara uku da suka wuce Bappa ya turo mini Malam Ɗayyabu, aminin Baba, wanda gidanmu yake aikawa da duk wani saƙo mai nauyi. Ya same ni a garke, ya gaishe ni, ya ce, "Jikin Malam ya yi tsanani, yana cigiyarka." Na dube shi ido cikin ido na ce, yana da rai? Ya ce, "Da na baro shi yana hannun Allah." Na ce a ba ni gaskiya. Ya ce in ɗauko jakata kawai. A Serti na sauka na sayi zuma mai kyau saboda tarin Baba. Kwana biyu na rungume galan ɗin nan a cinyata, ina tsara abin da zan ce masa, ina addu'a mota ta yi sauri. Da muka shigo lungunmu sai na hango tabarmi da butoci a ƙofar gida. An binne shi tun kafin Malam Ɗayyabu ya bar Kano.

Da zumar a hannuna na shiga ɗakin Inna. Ta ce, "Hanya muka ji wa tsoro, kada ka taho a gigice." Kina wurin, kin ji abin da na ce mata. Na ce, "Har da ke? To ke ma ranar da kika mutu sai a aiko mini da ƙaryar, in taho da zuma." Washegarin bakwai na fita ban yi mata sallama ba.

Na san maganar nan ba ta ɗa ba ce. Ba ranar da ba ta dawo mini. Sau nawa na kira waya da niyyar in ce ta yafe mini, da na ji muryarta sai in ce ina wuni, ta ce lafiya, a karɓi wayar. Irin wannan ba a waya ake yinta ba. Durƙusawa ake yi, kuma zan zo in durƙusa. Hutuna ɗaya ne a shekara, yanzu kuwa muna tsakiyar allurar ciwon huhu, mu biyu ne kawai a kan rugage fiye da talatin. Da ruwa ya ɗauke zan taho. In kuwa kin ga jikin ya canza kafin nan, ki rubuto mini layi ɗaya, in bar musu aikin ko da za su kore ni.

Amma ki riƙe wannan da kyau. Ba zan sake yin hanyar nan da buri a banza ba. Duk wanda ya zo mini da baki, babu takardarki a hannunsa, na san abin da ya kawo. Rubutunki kawai na yarda da shi.

Zancen hula kuma, ki ce mata kan yana nan yadda ta san shi. A'a, kada ki ce komai, za ta gane. Ki bar shi.

Yayanki,
Abdulbaqi

Soron Ɗinki
Lahadi, 6 ga Agusta

Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan murar ta sake ka. Mu nan alhamdu lillahi, an ba mu hutun makaranta.

Ka kyauta. Wallahi ka kyauta. Kai da shekara uku ba ka wuce "ina wuni Inna" a waya ba, ranar Asabar ta wancan makon sai ga ka da "a riƙa rage gishiri." Ina tsaye da tire a hannuna sai da ya kusa suɓucewa. Wa ya san zancen gishiri a duniyar nan in ban da ni da ita da likita? Ko yaron goye ba zai yi wannan wautar ba, balle mai digiri.

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta miƙa wa Kawu wayar, ta kalle ni sau ɗaya, ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Kwana huɗu Asibi take aikawa a kira ta shafa mata man zafi, ina zaune a ɗakin. In na shigo sai ta danne hakin, ta gyara zama, ta ce da sauƙi, kamar yadda ake ce wa baƙo. Allura ma ta gwammace ta yi ta laluben kafarta da kanta da ta miƙo mini. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba.

Ran na biyar na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, tun daga ranar da ka roƙe ni. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Ashe ido aka sa mini a ɗaki." Na yi kuka, na ce tsoro ne ya sa ka, ba raini ba. Ta ce, "Na san tsoron, ni na haife shi. Amma ɗana ne. In ina so ya sani, bakina bai mutu ba. Ba a kiran ɗa da takardar ɓoye, mutum ake tashi a tura masa, ya san an girmama shi. Ranar da na ga dama ni zan aika, ba ke ba." Ta sa na yi mata alkawari da sunan Allah ba zan sake rubuta maka komai a kan jikinta ba. Na yi, kuma wannan karon zan cika.

Saboda haka ka sallame ni daga aikin nan. Wannan ce takarda ta ƙarshe da za ka ga zancen lafiyarta a ciki, ita ma don in sanar da kai ne. Dokar da ka kafa ta cewa sai rubutuna, ka soke ta. Ka ji ni da kyau: in mutum ya zo maka daga gidan nan, Inna ce ta aiko shi da bakinta, tana da rai, tana son ganinka. Ka tashi ka biyo shi, kada ka tsaya neman takardata.

Ni a ganina ma alheri ne. Tun ranar ta ƙara ƙaimi a kan hular, saura kaɗan ta gama zanen. Mai fushi ba ta zama ta lalata idonta a kan hular wanda take fushi da shi.

Zan kai wa direban piya takardar nan gobe. An ce ruwa ya ɓata hanyarku, Allah ya sa ta iso da wuri.

Taka,
Mardiya

Tashar Dabbobi, bayan Gembu
Alhamis, 24 ga Agusta

Mardiya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Inna, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ke za a yi wa ta'aziyya kafin ni, don ke kika zauna da ita.

Tun takardarki ta farkon Yuli ban sake ganin rubutunki ba. Rafi ya cika, sati uku ban samu shiga Gembu ba. Kullum ina ce wa kaina shiru alheri ne. Jiya da la'asar ina wanke sirinji sai na ji sallama, muryar da ko a mafarki na ji ta sai gabana ya faɗi. Malam Ɗayyabu ne, wandonsa duk laka. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "Jikin Hajo ya yi tsanani, tana cigiyarka." Ko kalma ɗaya bai canza ba, Mardiya. Na ce ina takardar Mardiya? Ya ce ba ki ba shi komai ba. A nan na gane.

Ya yi ta rantsuwa. Ya ce wallahi tana da rai, ya ce ita ta aiko shi ba Bappa ba, ya ce mu haura Gembu in ji muryarta a waya. Wancan karon ma haka ya yi ta lallaɓa ni har ya sa ni a mota. Ban yi masa faɗa ba, tsoho ne, abin da aka aiko shi yake yi. Da ya ga na ƙi motsi sai ya buɗe jakarsa ya fito da ƙunshi, ya ce ta ce a ba ni. Hular ce. An gama zanen, ba a haɗe bakin ba, allura tana soke a jiki da zarenta. Wace mai ɗinki ce take rabuwa da aikinta da allura a jiki in tana da sauran numfashi? Na san ke kika sa a cikin kayansa, don kin kasa rubutawa. Na gode, na karanta.

Ba zan biyo shi ba. An riga an binne, ba abin da saurina zai ƙara. Ba zan iya sake shiga lungun nan in ga tabarmi ba. Fulanin da nake yi wa aiki sun taru jiya, mun yi mata addu'a, na yanka tunkiya sadaka. Zan gama zaman kwana uku a nan, in zo addu'ar arba'in.

Abu ɗaya nake roƙonki. In maza za su je ziyara, ki ba wani ya tsaya a kanta ya faɗa mata wannan, tunda ni Allah bai nufa ba. Inna, na yi miki mugun baki ranar da kike cikin takaba, kina da zafin da ya fi nawa. Na ce a aiko mini da ƙarya ranar mutuwarki, ga shi Allah ya kama ni da bakina. Ba fushi ne ya hana ni zuwa shekara uku ba, kunyar idonki ce. Kullum ina cewa sai na shirya. Babu abincin da na ci a dutsen nan ban tuna hannunki ba. Ki yafe mini, Inna, don Allah ki yafe mini.

Malam Ɗayyabu zai juya gobe da sassafe, shi zai kawo miki wannan. Na riƙe hular.

Abdulbaqi

Soron Ɗinki
Lahadi, 27 ga Agusta

Yaya,

INNA TANA DA RAI. Ga rubutuna, ga hannuna, ka duba da kyau. Tana da rai, tana kwance a ɗakinta, ina jin numfashinta daga inda nake rubutun nan. Ban gaishe ka ba, ba lokaci.

Wayyo Allah, me ka yi? Ita ta kira Malam Ɗayyabu da kanta. Ita ta naɗe hular, ta ce, "Ka ce masa ya zo a gwada, in haɗe bakin." Allurar ta bari ne don aikin bai ƙare ba, jiranka yake. Ban ba shi takarda ba saboda na yi mata alkawari, kuma na riga na rubuta maka bayanin komai tun shida ga wata. Jiya na nemi direban piya a waya, ashe motarsa tana garin Bali a lalace sati uku, takardata tana cikinta. Ya ce ya manta. Ni ma da laifina, da na bi sawu.

Tun ranar Litinin da Malam Ɗayyabu ya tafi ta sa aka juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ce, "Duba mini." Jiya da magariba ya shigo shi kaɗai. Ya kasa shiga wurinta, ya tsuguna a bakin rijiya yana kuka, tsoho mai furfura. Ya ce mini, "Na yi ƙarya sau ɗaya don a taimake shi, yau na faɗi gaskiya ta ƙi karɓuwa." Ya miƙo mini takardarka. Na buɗe na ga kana yi mini ta'aziyyar matar da take kirana daga ɗaki.

Ta ce me ya ce? Na ce ka ce kana hanya, aiki ne ya ɗan riƙe ka. Ka ga ni ma na iya.

Na karya alkawarin da na yi mata, Allah ya yafe mini. Likita ya zo gida ya ce a bar ta a ɗakinta, ba sauran abin da asibiti zai yi. Ba ta cin komai sai ruwa a cokali. Malam Ɗayyabu ya ce shi zai koma, bai yarda a tura kowa ba, ko hutawa bai yi ba. Da ka ga wannan ka taso. Kada ka tsaya haɗa kaya, kada ka tsaya sayen komai a hanya. Ka taho da hular.

Mardiya

Soron Ɗinki
Laraba, 30 ga Agusta

Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun sauko dutsen lafiya, kai da Malam Ɗayyabu. Ka kula da shi, sau huɗu ke nan yana bin hanyar nan cikin kwana goma.

Ɗazu da ka kira daga Gembu Kawu Isyaku ne ya ɗauka. Ina tsaye a bayan ƙyaure na ji ya ce maka, "Da sauƙi, ku dai taho a hankali." Da ya kashe wayar ya kifa kansa a gwiwa. Ya ce kada wanda ya faɗa maka sai ka iso, hanya ba kyau. Ban ƙara jin haushinsa ba, don yanzu na san yadda maganar take fita daga bakin mutum. Amma ka ce rubutuna kawai ka yarda da shi, ka ce kada a sake barinka ka yi hanyar nan da buri a banza. Ba zan iya da baki ba. Zan ɗauki hoton takardar nan in tura maka a waya, inda kuka samu sabis za ta shigo.

Inna ta rasu jiya Talata bayan azahar. An yi mata sutura, an kai ta kafin magariba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga abin da ya faru, ba ragi. Ranar Litinin da hantsi ta farka da ɗan ƙarfi, har ta sha kunu cokali uku. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni, ta ce, "Ɗauko takardar nan." Na ce ai na faɗa miki abin da ke ciki. Ta ce, "Na ga takardar, gaba da baya ce. Ba a cika gaba da baya da 'ina hanya.' Kin yi masa leƙe a kaina, yau ki yi mini a kansa. Karanta, kada ki tsallake." Na ce Inna ba za ki so ba. Ta ce, "Karanta."

Na karanta. Da na zo inda ka ce Allah ya ji ƙanta, ya haskaka kabarinta, sai na tsaya. Ta ce, "Amin. Ci gaba." Duk addu'ar da ka yi sai da ta amsa. Da ta ji zancen allura ta rufe ido ta ce, "Kai, yaron nan." Da ta ji tunkiya ta ce Allah ya karɓa. Sai na zo ƙarshe, inda kake magana da ita. Na karanta mata duka. Ta sa na maimaita wurin sau biyu. Hawaye yana bin gefen idonta yana shiga kunne, ina sharewa.

Sai ta ce, "Ashe sai na mutu zai faɗa."

Na ce yana hanya yanzu da gaske, Inna, Malam Ɗayyabu ya koma. Ta ce, "Ki rubuta masa, wannan karon ni na sa ki. Ki ce na yafe tun ranar, tun kafin ya kai zaure. Ki ce shi ma ya yafe mini zumar." Ta huta, ta ƙara da cewa, "Amma ki ce na so in gan shi. Kada ki rage wannan." Ban rage ba.

Daga nan ba ta ƙara doguwar magana ba sai salati. Jiya da aka kira azahar wani ya yi sallama a zaure, mai kawo ruwa ne. Ta buɗe ido ta ce, "Duba mini." Na fita na duba, duk da na san ba kai ba ne. Kafin in dawo Asibi ta fara yi mata kalmar shahada, ta amsa, shi ke nan. Fuskarta tana kallon ƙofa.

In kun shigo lungu za ka ga tabarmi da butoci. Na faɗa maka tun yanzu don kada su zo maka ba zato. Hular kuma ka kawo, Asibi ta ce za ta gwada ta haɗe bakin da zaren da ke jikin allurar.

Ka taho a hankali, Yaya. Babu sauran abin sauri.

Taka,
Mardiya